Kaskon Turare a Ɗakin Ganguna

Ranar Litinin da sassafe Lubaba mai riƙon sito ta jawo yayana Awol, mai gadinmu, da ƙafafu daga ɗakin ganguna, leɓensa ya yi shuɗi, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Kafin in iso da mayafina a hannu an riga an cusa shi a bajaj, keken haya mai ƙafa uku, an nufi asibitin Jimma. Kafin hantsi kuwa garin namu ya gama shari'a: mai gadi ya shiga sata, iska ta kama shi.

Sunana Misku. Shekara goma sha ɗaya ina tsince ƙwayar gahawa a ƙungiyar manoma ta ƙauyenmu, can bayan Agaro, kuma kowa ya san bakina ba shi da linzami. Amma ranar nan bakin ya mutu. Ganga ta huɗu a buɗe, an fasa dalmar murfinta, tiyo yana ciki, tukwanen gas biyu duk sun ƙare. Mabuɗin ɗakin biyu ne a sanin kowa, ɗaya wajen Lubaba, ɗaya wajen Awol.

Bana ne muka fara soya gahawarmu da inji maimakon mu sayar da ita ɗanya. Soyayyiyar gahawa ba ta da haƙuri, in iska ta taɓa ta 'yan kwanaki sai ƙanshin ya gudu ya bar ka da ɗacin banza. Shi ya sa ake zuba ta a gangunan ƙarfe shida, a tura musu naitirojin daga tukwanen nan dogaye har ya kori iskar da ke ciki, sannan a ɗaure murfi a buga dalma. Gas ɗin ba shi da wari, ba shi da launi. Nazif mai suya ya sha gaya mana ba guba ba ne, sai dai inda ya cika babu abin da mutum zai shaƙa.

Mai saye zai aiko da mai ɗanɗano ranar Alhamis. Shugaban ƙungiya, Obbo Zakir, ya ce ba zai tsaya gaban baƙo da lalatacciyar ganga ba tare da sunan wanda ya lalata ta ba. Ya sa taro ranar Laraba bayan la'asar don a soke sunan Awol. In an soke, matarsa ba ta da inda za ta kai 'ya'yan gahawarsu a wanke, yaransa kuma su tashi ana nuna su da baki. Shi yana can kwance da roba a hanci, ko uffan ba ya iya cewa.

Sai na tafi wajen Abba Diko. Mai bin sawu ne tun zamanin da ake sace shanu a ƙetare kogi da su, yanzu ya haura saba'in, aikinsa zama gindin fiya yana korar kaji. Ya saurare ni bai katse ni ba, abin da ba kowa ke iyawa ba.

"Ɗiyata, in na ɗauki sawu ba na tsayawa inda kike so in tsaya," ya ce. "Ko bakin gadon yayanki ya kai ni, zan faɗa."

Na ce na yarda.

* * *

Ƙofar sito jama'a sun tattake ta kamar kasuwar shanu, don haka bai ko dube ta ba. Ya tsaya kan dokin ƙofar ɗakin ganguna ya hana kowa shiga, ya sa aka tokare ƙofar da dutse don mai rufe kanta ce. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Simintin ɗakin kullum da ƙurar ɓawon gahawa a kansa, mu muna ganin datti ne, shi kuwa karatu yake.

Abin da ya fara ɗauka shi ne kaskon turaren Awol, yana zaune daram kusa da bango. Ya nuna mini gawayin ciki. Baƙi ƙirin, gefe ɗaya kawai ya fara kamawa, lubban ɗin da ke kai ko rabi bai narke ba. Ya ce garwashin da ya ci ya cinye toka yake bari fara, wannan shaƙe shi aka yi. Ashe lokacin da Awol ya shigo ɗakin ya riga ya cika da gas. Kuma kaskon bai faɗi ba, ajiye shi aka yi, nesa da buhuna.

"Jiri na ɗibarsa, amma sai da ya nisanta wuta da kayan mutane," in ji shi. "Kin taɓa jin ɓarawon da ya shiga sata da turare?"

Hawaye suka zubo mini. Obbo Zakir da ke bayanmu ya ce wannan ba hujja ba ce, wataƙila tun yamma ya buɗe gangar, da safe ya dawo ɗiba ya riƙo turare don ɓad da sawu. Na juya zan wanke shi tas, Abba Diko ya ɗaga mini hannu.

Ya nuna sama. Akwai 'yar taga kusa da rufi wadda Nazif ya sa aka huda don iska ta riƙa fita. An toshe ta da buhuna biyu, an ninke su tsaf, an danna kowane lungu. A ƙasanta ga alamar ƙafafun kujera huɗu, ga kuma sawun mutum babu takalmi, ya je taga, ya je ganga, ya je wajen tukwane, ya koma ƙofa. Awol kuwa da takalminsa na roba aka ɗauke shi.

Daga nan ya tura hannu cikin ganga ta huɗu, ya ɗebo daga sama ya duba, ya nutsa hannu har gwiwa ya ɗebo na ƙasa ya duba. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Na ga fuskarsa ta canja. Na tambaye shi mene ne, ya ce ba komai, ya ɗaure 'yar jimƙa a bakin gyalensa. Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani.

* * *

Ni dai zuciyata tana kan Nazif. Makon da ya wuce duk sito an ji su da Awol. Yayana tun yana saurayi ba ya barin gari ya waye bai zagaya inda gahawa ta kwana da turare ba, haka muka tarar iyayenmu na yi. Nazif kuwa ya yi kwas a birni ya dawo da farar riga, ya ce hayaƙi yana shiga ƙwaya, in ya sake ganin kaskon nan zai fasa shi a kan mai shi. Awol ya ce to, washegari ma ya sake kunnawa.

Talata da safe muka same shi yana goge injinsa. Abba Diko bai zarge shi da komai ba, ya ce kawai ya nuna masa yadda ake sa wa ganga gas. Nazif ya nuna: a sa tiyo har ƙasa, a murɗa kan tukunya kaɗan, a ƙirga minti uku, a kashe, a rufe. Aka tambaye shi tukwane biyu su ƙare fa? Ya ce sai an bar su tun yamma har safe. Da Abba Diko ya ambaci tagar da aka toshe, tsumman hannunsa ya faɗi.

"An toshe ta? Baba, wanda ya san gas ba zai toshe tagar nan ba ko da maƙiyinsa zai shiga, don shi ma yana ciki lokacin da yake toshewa. Ni na yi wa Awol tsawa, na yarda. Amma kullum sai na ce masa ya bar ƙofa a buɗe."

Na ce masa tsawar da ya yi ai har da alkawarin fasa kai. Ya ce, "Adde Misku, ke da kike alkawarin fasa kan mutum goma kafin azahar?" Gaskiyarsa ce, abin da ya ƙara ba ni haushi. Abba Diko ya sa shi ya cire takalmi ya taka ƙura. Ƙafarsa doguwa ce siririya, ta ɗakin kuwa gajera ce mai faɗi, babban yatsa ya karkace. Ranar Lahadi ma yana Jimma ɗauko ledojin zuba kaya, mai bajaj ya shaida.

Lubaba muka tarar tana shanya a gida, har yanzu kanta na ciwo don ita ma ta shaƙi rabonta. An daɗe ana raɗe-raɗin tana ɗibar gahawa tana kai wa wani mai shago a Agaro, kuma ni ma na taɓa maimaita zancen, Allah ya yafe mini. Ta ce ranar Lahadi duk gari yana zaman makoki a ƙetaren rafi, ita ke kan tukunya tun azahar har magariba, mabuɗin yana ɗaure a ƙugunta, mata ashirin sun gan ta. Sito ba kowa sai da Awol ya zo gadi da magariba. Ta dube ni ta ce ta san abin da nake faɗa a kanta, amma da ta so yayana ya mutu ai da ba ta shiga ta jawo shi ba. Na sunkuyar da kai.

Muna fita Abba Diko ya koma sito. Bai shiga ɗakin ba, wannan karon kwaɗon ƙofar ya kama ya juya. Tsohon kwaɗo ne na tagulla, duk ya yi kore. Ya tambaye ni shekarar ƙungiya nawa, na ce goma sha biyu. Ya ce kwaɗon nan ya yi talatin. Sannan ya zagaya bayan ginin inda ba wanda ya taka. An yi ruwa ranar Lahadi da azahar, jar ƙasa ta riƙe komai. Ga sawun takalmi yana zuwa daga wajen daji, kowane taku biyu da ramin sanda a gefen hagu. Ya bi shi har bakin hanya, ya tsaya, ya daɗe yana kallon tudu. Na ce mu ci gaba mana. Ya ce ya gaji.

Da yamma matar Awol ta bugo daga asibiti. Bai farka ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, ina zagin tsohon nan a raina, don na ga ya san wani abu yana ta jan ƙafa, ga Laraba gobe.

* * *

Laraba bayan la'asar rumfar shanya ta cika. Obbo Zakir da takardarsa, Nazif da Lubaba a gefe, dattawa a gaba kan kujeru. A tsakiyarsu Abba Temam, wanda ya kafa ƙungiyar, wanda ba a fara taro sai ya yi addu'a. Shi ya ba Awol aikin gadi, shi ya yanka wa ɗansa na fari rago.

Abba Diko ya miƙe ya ce ba a soke sunan mutum da busasshen maƙogwaro, a bari a sha gahawa. Wa zai ce a'a? Ya kwance gyalensa ya ba ni abin da ke ciki ya ce in daka in dafa. Na duba tafin hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina tsince ƙwaya, ba na bukatar a gaya mini: wannan ba suyar inji ba ce. Ta inji launinta ɗaya ne kamar an rina. Wannan gefe ya yi baƙi gefe ya yi ja, suyar kasko ce, ƙwayar kuma ƙarama ce doguwa. Na daka, na ɗora buta, na jera finjalai.

Da kowa ya karɓa, Abba Diko ya sa aka mirgino ganga ta huɗu aka ɗora a sikeli. Lubaba ta duba ta sake dubawa. Ta ce ta fi yadda aka rufe ta da kilo huɗu.



"Ba a ɗebi komai ba," in ji Abba Diko. "Ƙari aka yi. Abin da aka ƙara shi ne a hannunku. Nazif, kai ne mai harshe, me ka ce?"

Nazif ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a ƙasa. Ya ce hayaƙi ne zalla, rabi ta ƙone rabi ɗanya, irin tarkacen gahawar dajin nan ne da muke tsincewa muna zubarwa. In baƙo ya ɗanɗana wannan, ko ganga ta biyu ba zai buɗe ba.

"Tarkace?"

Abba Temam ne.

"Kai yaro, kafin a haifi ubanka itatuwan nan suke ba da 'ya'ya. Kakana bai shuka su ba, tarar da su ya yi. Harshenka ne inji ya kashe. Sake kurɓa ka ji zumar da ke ƙarshenta, sake kurɓa!"

Abba Diko bai ɗaga murya ba, bai ma dube shi ba.

"Temam, ban ce daga wane itace take ba."

Na dubi sandar da ke jingine a gefen hagun Abba Temam. Na dubi ƙafarsa, ya zare takalmi kamar yadda yake yi duk inda aka zuba gahawa, gajera mai faɗi, babban yatsa a karkace. Sai na tuna ɗakin gangunan nan rumbunsa ne tun kafin ƙungiya, shi ya ba da shi kyauta, ba wanda ya taɓa tunanin canja kwaɗo, balle ya tambaye shi ko da sauran mabuɗi.

Bai yi musu ba. Ya ce da aka zo haɗa kayan baƙo, an tsince gahawarsa ta daji an ture gefe don ƙwayarta ƙarama ce, a ɗakinsa, a ƙungiyar da ya kafa. Bai so kuɗi ba. So yake baƙon nan ya ɗanɗana ta sau ɗaya kawai kafin ya mutu. Ya soya da kansa, ya sulale daga zaman makoki, ya zuba a saman ganga. Ya ga yadda ake sa tiyo, sai ya sa. Amma minti uku ya ga kamar rowa ce.

"In mace za ta turara ɗaki, ai toshe taga take yi ta bar shi ya kwana ya kama," ya ce. "Na ce bari in yi wa gahawar mutane haka, kada in ɓata musu ita. Ban san yana kisa ba. Na rantse ban sani ba."

Na yarda bai sani ba, har yau na yarda. Ba wannan ya tsayar da ni ba. Na ajiye butar na miƙe.

"Abba Temam, ranar Lahadi ba ka sani ba. Litinin fa? Talata fa? Kwana uku ana kiran yayana ɓarawo kana zaune. Yanzun nan da bakinka ka yi addu'ar buɗe taron da za a soke sunansa."

Ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin tagulla ya ajiye kusa da finjalinsa. Obbo Zakir ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, bai iya kallona ba. Ba a yi zagayen gahawa na biyu ba ranar, balle na uku na albarka. Tunda nake ban taɓa ganin an tashi an bar gahawa a buta ba sai ranar.

Da jama'a suka watse na tarar da Abba Diko zaune shi kaɗai. Na ce tun Litinin ya sani ya bar ni ina kuka. Ya ce tare aka yi musu kaciya da Temam, ya ba shi kwana biyu ko zai zo da ƙafarsa ya faɗa. Bai zo ba.

* * *

Baƙo ya zo Alhamis ya karɓi ganga biyar. 'Yan sanda sun zo sun tafi da Abba Temam, dattawa suka bi baya, wannan shari'arsu ce, ban bi ta kanta ba. Nazif ya sa aka fasa tagar ta zama babba, babu buhun da zai toshe ta.

Awol ya farka ranar Juma'a. Matarsa ta ce abin da ya fara tambaya shi ne ko wuta ta kama buhunan.

Bayan mako biyu aka dawo da shi gida, ya rame, maganarsa a hankali, amma da sunansa. Na share tsakar ɗaki na baza ɗanyar ciyawa, na yi gugguru, na wanke ƙwaya mafi kyau da nake da ita. Lubaba ta zo, Nazif ma ya zo, da lubban a ƙunshe a takarda ya miƙa wa Awol. Na soya har ta fara ƙara tana maiƙo, na ɗauki kaskon na zagaya da shi, na fara da yayana. Ya sa hannu ya jawo hayaƙin zuwa fuskarsa sau uku, ya lumshe ido, ya ce Allah ya yi albarka.

Da baƙi suka tafi ina wanke finjalai Awol ya kira ni. Ya ce kada in gaya wa matarsa tukuna.

"Misku, kin sa lubban ɗin a wuta kuwa?"

Na ce ɗakin ai har ya yi duhu da shi.

"To," ya ce. "Na ga hayaƙin. Ban ji ƙanshin komai ba."

Wata takwas ke nan. Ya koma gadinsa. Kullum da asuba yana kunna kaskonsa ya zagaya sito, yanzu daga waje, ƙofa a buɗe. In na iso aiki sai ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni ko turaren yau mai kyau ne, ni kuma in tsaya in shaƙa in gaya masa.